Makulli a Wuyan Ghali

Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gidajen unguwar Nasim, inda direbobi ke shimfiɗa kwali bayan la'asar, ya san Salissou. In bai san sunansa ba, ya san bokitinsa. Shi ne dogon nan mai tafiya kamar yana tsoron taka ƙwai, wanda ya shafe watanni duk Juma'a yana ɗaukar jan bokiti da soso, ya ratsa Riyad tun daga gabas har Utaiƙa, ya je ya yi wa wata farar mota wanka, motar da ko makullinta ba ya hannunsa. 'Yan layi suka laƙaba masa Angon Fara. Yana ji, ba ya tankawa. Dama can shi ba mai tankawa ba ne, kuma abin da ya ja masa ke nan.

Mutumin wani ƙauye ne kusa da Magarya, can ƙasar Damagaram. Ya sayar da shanun gadonsa guda biyu ya zo Saudiyya, ya shekara goma sha tara yana direban gida ɗaya, wurin wani dattijon Balarabe da kowa ke ce wa Baba. 'Ya'yan Baba mata huɗu ne, duk Salissou ne ya kai su makaranta tun suna kuka a ƙofar aji har suka fara gaya masa ya rage gudu. Shi da bakinsa yake cewa hanya uku ya sani a Riyad: ta makaranta, ta kasuwa, da ta likitan haƙori. Matarsa Delou tana gida. Duk shekara biyu yakan je hutu, kuma ba sai an duba fasfo ba, a jera 'ya'yansa biyar kawai an san shekarun da ya je. Ya yi mata gini a Magarya, ɗaki uku da zaure, ya kai linta ya tsaya. Damina uku ke nan ginin yana kallon sama baki buɗe.

To, da aka bar mata suka fara tuƙi, sai 'ya'yan Baba suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da autar ta karɓo lasisi, ita ce ta tuƙo Salissou gida, yana gefe ya ƙanƙame kujera yana salati. Ba a yi wata ba Baba ya kira shi, ya zuba masa gahawa da hannunsa, ya ce iƙamarsa, wato takardar zaman ƙasa, za ta ƙare a ƙarshen Rajab, kuma ba zai sabunta ba. Ya ba shi riyal dubu tara na sallama. Salissou ya yi godiya har da hawaye. A daren bai ƙare lissafin bandur ɗin kwano da katako ba. Ya aika wa Delou saƙo ta sanar da kafinta.

Sai dai ba a barin ƙasar nan haka kawai. Kafin a buga wa mutum takardar fita ta ƙarshe, sai an duba babu tara a kansa, kuma babu mota da sunansa. Shi kuwa Salissou, mutumin da ko keke bai taɓa mallaka ba, akwai mota da sunansa.

Motar ta Maiwada ce. Maiwada Bakano ne ɗan Fagge, mazaunin Utaiƙa, mai kai wa gidajen Hausawa daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. A masallacin Idi suka haɗu, Maiwada ya ji harshensa ya ce, ga bawanmu na Damagaram, Salissou ya ce ai Kanawa ne bayi, daga nan wasan ya zama aminci. Shekara shida baya, Maiwada ya sami mota da araha daidai lokacin da iƙamarsa ta mutu, yana jiran kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takarda, ya dawo daga tafiya. Ya ce wa Salissou a sa sunansa na mako biyu kacal. Mako biyun nan har jikoki ya haifa. Duk sanda Salissou ya tuna masa, sai ya ce bayan Sallah. Ba a taɓa tambayar wace Sallar ba.

Bayan Babbar Sallar da ta wuce ciwo ya kwantar da Maiwada. A asibiti ya kira mutum biyu: Salissou, da Ghali, ɗan wan babansa, tela a wani shago bayan kasuwar dabino. Ya kama hannuwansu ya haɗa a kan ƙirjinsa, a gaban shaidu uku, ya ce su ne wasiyyansa. Abin da ya mallaka dai motar nan ce, sai 'yan buhuna. Matarsa Rabi da yara huɗu suna Kano.

"Ghali, kai jinina ne, riƙe makulli. Salissou, takarda tana wurinka. Kada ɗayanku ya yi komai sai da yardar ɗayan." Ya yi shiru yana numfashi, har aka ɗauka ya gama, sai ya ƙara, "Kuma kada a sayar mini da ita ƙasa da dubu goma sha takwas. Ni na san abin da na kashe mata."

Kwana biyu bayan haka ya cika.

Salissou ya san amininsa. Maiwada mutum ne da in ya sayi taya a kan ɗari sai ya ce ɗari uku, don kawai labarin ya yi daɗi. Da zai rayu ya ji ana tayawa, da shi zai fara dariya. Amma Ghali ba ya dariya. Gajere ne, mai tabarau a kan hanci, ba ya faɗin magana sau ɗaya in zai iya faɗinta sau uku. Tuƙi kuwa ko a mafarki bai iya ba. Ya sami igiyar wando a shago, ya zura makullin, ya rataya a wuya kamar laya. Tun daga ranar bai yarda a kira shi Ghali gatsau ba, sai Alhaji Wasiyyi.

Bayan sadakar bakwai Salissou ya fara kawo masu saye. Abin haushin ma, kasuwar motoci tana nan Nasim, daga ɗakinsa yana jiyo dillalai. Na farko ya taya dubu goma sha uku. Ghali ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce albarka. Na biyu ya taya sha biyu da ɗari biyar, ya nemi a tada injin ya ji. Ghali ya dafe ƙirji ya ce man da ke ciki na marayu ne, ba za a ƙona shi don mai kallo ba. Mutumin ya dubi Salissou, ya dubi sama, ya shiga motarsa.

Salissou ya zaunar da shi ya yi masa bayani a tsanake, cewa mota ba fili ba ce, kullum ƙasa take yi, kuma shi a ƙarshen Rajab takardarsa za ta mutu, in bai fita ba ya zama mai laifi, tara a kansa, tara a kan Baba da ya riƙe shi da mutunci. Ghali ya saurara har ƙarshe, ya ce duk ya ji, amma ko mamaci ya ce sha uku? Ai kunnensa ƙalau. Salissou ya ce to a mayar da ita sunan Ghali, ya jira mai sha takwas har tashin ƙiyama. Ghali ya yi a'uziyya. Ya ce shi ya sa dukiyar marayu a sunansa, don mutanen Fagge su ce ya cinye? Babansa an taɓa yi masa wannan sharrin a kan gonar wani, har ya mutu ana nuna shi da baki. Shi kam ba za a maimaita a kansa ba.

Ana cikin haka ƙura ta rufe motar, tayoyi biyu suka kwanta. Wata safiya Salissou yana wanke motar Baba wayarsa ta yi ƙara. Saƙo ne: rajistar motar ta ƙare, akwai tara. Bai gama haɗiye wannan ba wani mai shayi a Utaiƙa ya kira shi ya ce mutanen baladiyya, hukumar gari, sun manna wa Fara takarda a gilashi, irin wadda ake manna wa motar da aka yasar a titi. Salissou ya garzaya wurin Ghali ya ce a gusar da ita. Ghali ya ce sai ya yi shawara. Yana shawarar kwanakin suka cika, aka zo aka ɗauke ta zuwa filin ajiya, inda kowace kwana da kuɗinta.

A nan ne Salissou ya ga iyakar Alhaji Wasiyyi. Ya same shi a kan keken ɗinki, allura a baki, ya ce a ciri kuɗin tara daga na buhunan daddawa da aka sayar.

Ghali ya zare allurar. "Sunan wa ke jikin takarda, Malam Salissou?"

"Nawa."

"To. Hukuma da kai take magana. Maraya bai ajiye mota a titi ba."

"In nawa ne, Alhaji, ba ni makulli in sayar."

"Subhanallahi. Dukiyar marayun?"

Haka maganar ta zauna. In tara ta zo, mota ta Salissou ce. In mai saye ya zo, ta marayu ce. Ya buɗe kuɗin kwano ya biya tara, ya biya kwana tara na fili, ya sabunta rajista, ya yi hayar motar ɗaukar motoci ta dawo da Fara mazauninta. Dubu ɗaya da ɗari shida suka tafi. Ghali ya zo ya zagaya ta sau biyu, ya nuna wani ɗan ƙarce a ƙofa ya ce da babu wannan.

Daga nan bokiti ya shigo. Don kada a sake ganin ta kamar yasasshiya, duk Juma'a bayan masallaci Salissou sai ya je ya wanke ta, ya ba tayoyi iska da famfon keke, ya goge gilashi da tsohuwar hularsa. Ciki dai sai leƙe. Yana iya hango carbin Maiwada a rataye a madubi, da wata ledar kuka a kujerar baya da ta fara canza launi. In ya dawo Nasim da yamma, riga jiƙe, 'yan layi na jiransa. Wani ya tambaye shi yaya amarya, ko ta fara magana. Wani ya ce su Damagarawa haka suke aure, a biya sadaki a bar makullin ɗaki wurin waliyyi. Shi dai sai ya ajiye bokiti ya ce a zuba masa shayi.

Ba wai ba a ba shi shawara ba. An ba shi har ta yi yawa. Kowa ya ce a takarda motarsa ce, ya kira mai yanka makulli, kafin azahar ya sayar, ya aika wa Rabi kuɗinta ya kama hanya. Salissou yakan dubi tafin hannunsa na dama. Wannan hannun ne aka ɗora a ƙirjin mutum yana kan gargara. Ban da haka ma, ya san Ghali da saƙon murya. Kafin jirginsa ya sauka, daga Riyad har Fagge har Magarya an ji cewa Badamagare ya fasa motar marayu. Shekara goma sha tara ko canjin biredi bai taɓa riƙe wa Baba ba, ba zai koma gida da wannan sunan ba.

Ya gwada ta wajen malamai. Wani malami a Utaiƙa ya ce farashin da mamaci ya faɗa ba aya ba ce, in jira yana cutar da magada a sayar. Ghali ya tambayi ko malamin ɗan ina ne. Da aka ce ɗan Tasawa, can ƙasar su Salissou, sai ya ce shi ke nan, ya gane. Salissou ya nemi a kira Rabi, Ghali ya ce ba a yi wa mai takaba maganar kuɗi. Aka jira wata huɗu da kwana goma. Ranar da ta fita, Rabi da kanta ta kira, ta ce don Allah Malam Salissou ya sayar ko nawa ne, an koro yara biyu daga makaranta. Salissou ya kai wa Ghali wayar har shago. Ghali ya gaisa da ita cikin ladabi, ya yi mata ta'aziyya sabuwa, sannan ya ce ita tumuni gare ta, kashi ɗaya cikin takwas, ta yafe nata in tana so. Sauran na yara ne, kuma ubansu ya riga ya yi magana.

Rajab ya kama. Delou ta aiko cewa kafinta yana tambaya. Baba ya fara tsayawa a ƙofar ɗakinsa yana cewa, "Ya Salisu, yaya maganar?" da muryar da ba faɗa a cikinta, wadda ta fi faɗa ciwo. Salissou ya rame, wandonsa ya fara neman igiya. Ranar wata Juma'a ya gama wankin, ya zauna a kan bokitin da ya kife, ya daɗe yana kallon carbin nan ta gilashi. Saura kwana goma sha tara. Ya ga dai kowace ƙofa ya taɓa, Ghali na bayanta da tabarau. Ƙofa ɗaya ce ta rage, ita kuma a aljihunsa take.

Akwai wani Oumarou, mutumin Maraɗi, mai aiki wurin dillalin kayan lambu, wanda ya daɗe yana son motar amma dubu goma sha biyu gare shi, ko riyal ɗaya babu a kai. Salissou ya ja shi bayan shagon shayi, ya ciro leda baƙa ya danƙa masa. Dubu shida ne a ciki. Ya ce gobe ya haɗa da nasa ya ƙirga sha takwas a gaban Alhaji, kuma ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba.

Oumarou ya leƙa ledar ya ce, "Yaya Salissou, wannan ba kwanon Inna Delou ba ne?"

"Kwano yana jiran mutum. Rajab ba ya jira."

"Ka sayi mota ka ba ni, ke nan."

"Ba mota na saya ba. Ka dai zo da wuri, kuma ka ɗan yi ciniki kada ya gane."

Oumarou ya yi cinikin har ya so ya wuce gona da iri. Ya fara daga sha biyar, ya yi kamar zai tafi, ya dawo, ya dafa kai. Salissou na gefe gumi na bin bayansa. Da aka kai sha takwas, Ghali ya ƙirga sau uku, yana lasar yatsa, ya ɗaga kowace ɗari biyar ya duba ta a rana. Sannan ya sunkuyar da kai ya cire igiyar. Inda ta kwanta a wuyansa har ya yi fari. Batir ya riga ya mutu, sai da mutum huɗu suka tura, cikinsu har da angon. A ranar aka sauya suna, a ranar aka aika wa Rabi kuɗinta cif, da carbin a hannun wani mai tafiya Kano.

Kafin la'asar duk Utaiƙa ta ji daga bakin Ghali cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse. Ya bi shago shago yana ba da labarin yadda wani gaggautacce ya so ya zubar da dukiyar marayu a sha uku, shi ya tsaya. Har Nasim ya zo da kansa, ya zauna a kan kwalin direbobi, ya sha shayi kofi biyu, ya ce wa Salissou, "Ka gani ko? Mamaci ba ya faɗin banza." Salissou ya ce ya gani, Alhaji. Oumarou kuwa ya riƙe rantsuwarsa kwana huɗu cur, wanda a wurin Bamaraɗe ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Kowa ya ji, ban da Ghali, don babu mai ƙarfin zaman da za a yi in ya ji.

Saura kwana shida Rajab ya ƙare takardar fita ta fito. Autar Baba ce ta kai shi filin jirgin Sarki Khalid, yana gefe yana taka birkin da babu. Abin da ya rage masa dubu ɗaya da ɗari huɗu ne, ya lissafa ya ga za su rufe ɗaki ɗaya in kafinta mai tsoron Allah ne. Bokitin ya bar wa 'yan layi, har yanzu yana nan, ba mai taɓa shi.

Yana cikin layin awon kaya wayarsa ta yi ƙara. Ghali ne. Ya yi masa addu'ar sauka lafiya mai tsawo, sannan ya gyara murya ya ce akwai wata magana. Shi dai a wata bakwai ɗin nan ya auna mutane, bai ga mai riƙon amana kamar Salissou ba, ko da yake yana da ɗan gaggawa. Don haka jiya ya kira shaidu ya rubuta wasiyyarsa, keken ɗinki biyu da injin surfani, kuma ya sa sunansa.

Salissou ya ajiye jakarsa a ƙasa. Ya tambaya a hankali, shi da wa.

Ghali ya ce shi da ƙaninsa na Jidda, wanda ma ya fi shi tsantseni.

Layin ya matsa gaba. Salissou ya ɗauki jakarsa, ya yi wa Alhaji Ghali addu'ar tsawon rai, da zuciya ɗaya, irin wadda bai taɓa yi wa kowa ba.